Mai Rijiya Bai Yi Ƙarya Ba

Zuwa ga mahaifina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta ɗa da uba, ina fatan kana cikin rahamar Ubangiji. Ni ne Sani, daga Dubai. Haƙuri na zo ba ka, Baba.

A wajen gyaran injinan ruwa da nake aiki a Ras Al Khor akwai wani dattijo Bature ɗan ƙasar Ailan, Dogo muke ce masa. Ba ya gajiya da labarin mutanen ƙauyensu. Rannan muna cin abincin rana ya ba mu na wani tsoho mai yawo da reshe mai baki biyu, duk inda reshen ya sunkuya a haƙa a tarar da ruwa. Tsohon ya rasu tun kafin a haifi Dogo, amma har yau ana ba yara labarinsa. Sai ya tambaye ni ko mu ma muna da irinsa.



Na tuno ka da sassafe, babu takalmi, kana taka fili a hankali. Ka tsuguna kusa da shuri, ka ɗanɗana ƙasa, ka tofar. "Nan za a sara." Shi ke nan maganarka. Mutanen garinmu na cewa da tafin ƙafa kake jin motsin ruwa. Ni kuwa, da na shaƙi boko, dariya nake yi. Kunyar lakar jikinka nake ji, har na gaya wa jikokinka cewa kakansu ɗan kasuwa ne.

A ranar na kira Yaya Hadiza. Ta ce da burtsatse ya ƙafe bara, gari kaf rijiyarka ta bakin kasuwa aka koma. In guga ya fito cike sai mata su ce, "Mai Rijiya bai yi ƙarya ba." Har yara na faɗa, ba su ma san kai ake nufi ba.

Ni da takarduna ban taɓa shayar da ko unguwa ba.

Jiya na zaunar da yaran na faɗa musu gaskiya. Ƙaramarsu, A'isha, ta ce in koya mata yadda kake yi. Duk zamanmu gida ɗaya ban taɓa tambayar ka ba.

Allah ya gafarta maka, ya shayar da kai ruwan Alkausara. Ka yafe mini.

Ɗanka,
Sani