Taubashina Ya Sa Rigata Ya Karɓe Aikina

Don Allah, don Annabi, Malam, ka taimake ni da shawara kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a cikin birni. Wallahi rabon da in ci tuwo in ji daɗinsa har na manta.

Ni mutumin Ƙofar Na'isa ne, na gama makarantar Midil, ina da mata da 'ya ɗaya, amma har yau ba ni da tsayayyen aiki sai 'yan buge-buge. Da damina ta yi nisa na ji wani kamfanin sayen gyaɗa, can wajen ganuwa kusa da tashar jirgi, yana neman malamin sikeli. Na je, aka shigar da mu ɗaya bayan ɗaya gaban manaja, Bature, don ganawar nan da suke kira intabiyu. Ya ba ni lissafi na yi, ya sa ni karatu na karanta ba gargada. Har hannu ya miƙo mini muka gaisa, ya ce in riƙa leƙowa in ji yadda ake ciki.

Da na dawo na shaida wa baffana, wanda shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifina. Ya ce a'a, ɗan mutunci ba ya tsayuwa a ƙofar mutane yana tambayar abin da yake nema, wannan zalama ce. Ko aure kake nema wakili kake turawa, balle aiki. Na ga gaskiyarsa, don ni ma kunyar komawa nake ji.

Sai na tura Nata'ala, ɗan gwaggona, taubashina, wanda ko Midil ɗin bai ƙarasa ba. Malam, ka ji wauta! Kekena na ba shi, babbar rigata ta Sallah na ara masa don kada ya kunyata ni, na haɗa shi da zakara ya kai wa manaja gaisuwa. Ya je ya dawo ya ce ana nan ana dubawa. Ya koma ya ce manaja ya yi tafiya. Yana ta zirga-zirga, ni kuwa ina zaune a zaure ina sa masa albarka. Rannan sai ga matata Hasana ta shigo mayafi a hannu, ta ce ta tarar da mata suna yi wa gwaggo murna, wai Nata'ala ya sami aikin sikeli.

Na tare shi a bakin masallaci. Ka san abin da ɗan banzan nan ya yi? Dariya! Wai Bature ya ce shi wanda yake gani kullum shi ya sani, ya gwada shi lissafi, shi kuwa ba ya ƙin arziki. Wai ai shi ɗan mace ne, bawana ne, abin da bawa ya samu kuwa na ubangidansa ne, to fushin me nake yi? Jama'a suka kwashe da dariya, don wasan taubashi ne, in na yi fushi a ce ban san wasa ba. Wasa? Abincin 'yata ne wasa? Na tsane shi, Malam, ba zan ɓoye maka ba. Ko ƙararrawar keke na ji a lungu sai zuciyata ta tafasa.

To, ga abin da na shirya. Matarsa ta haihu, suna yana tafe, kuma na ji har babban akawun kamfanin ya gayyata. Akwai wani maroƙi a unguwarmu, Mailafiya, sunan ne kawai na lafiya, bakinsa ya fi kunama. Mun riga mun yi magana. Zai tsaya a ƙofar gida bayan an raɗa suna, ya yi masa zambo tun daga rigar aro har zuwa zakaran, gaban surukansa da mutanen ofis, yadda ba zai ƙara ɗaga kai a Ƙofar Na'isa ba. Ko kuwa in je wurin manaja in tona masa asiri a kore shi? Ba haƙuri nake nema ba, an ba ni ya ishe ni. Ka faɗa mini wanne zai fi yi masa ciwo.

Naka,
Wanda Aka Cuta, Ƙofar Na'isa

AMSA

Malam Wanda Aka Cuta,

An cuce ka, wannan ba shakka. Ɗan aike amana ya ɗauka. Ranar da manaja ya yi wa Nata'ala tayi, abin da ya wajaba a kansa shi ne ya ce a dakata, ya dawo ya faɗa maka. Bai yi ba, ya bari ka ji a bakin mata. Wasan taubashi yana halatta tsokana, bai halatta cin amana ba.

Amma kai ma da naka. An ce maka ka riƙa leƙowa, ba a ce ka riƙa aikowa ba. Kawaicin da baffanka ya koya maka ado ne a cikin birni, a kamfani kuwa ba a san shi ba. Manaja bai ga kunya ba, ya ga mutum ya yi intabiyu ya ɓace, ga wani kuma kullum da sassafe a ƙofa. Masu neman aiki su ji wannan: bayan ganawa ka koma da ƙafarka, ka gaisa, ka faɗi sunanka, ka tambaya a taƙaice, ka tafi. Zakara ya zauna a gida.

Maganar Mailafiya kuwa, ka janye ta yau. Zambon zai sami Nata'ala, amma zai fara samun gwaggonka da maijego da jaririn da bai san komai ba. Babban akawu kuma zai tambayi wanda ya sa maroƙi, akawunan kamfanoni kuwa duk sun san juna, ka rufe wa kanka ƙofofin da ko ƙwanƙwasa su ba ka yi ba. Kai ƙara wurin manaja ma haka, ko ya kore shi ba zai ɗauki mai tsegumi ba.

Tunda abin da zai yi masa ciwo kake nema, ga shi. Kaka ta ƙarato, kamfanonin gyaɗa za su ƙara malamai. Ka ɗauki baffanka, tunda shawararsa ce ta kai ka nan, ku je gaban gwaggo a kira Nata'ala. Sharaɗi ɗaya za ka kafa: ya sa ka gaba har ofishin manaja, ya faɗa da bakinsa, kana tsaye, cewa ga mutumin da ya aiko shi tun farko. A gaban maroƙi yana iya yin dariya. A gaban wanda yake biyansa albashi kuwa, kai za ka ga gumi. In ya ƙi, dangi sun shaida, kai kuma ka tafi wurin manaja kai kaɗai.

Ka je sunan, ka yi barka, ka ci goro kanka a ɗage. Allah ya huci zuciyarka, ya ba ka aikin da ba mai karɓe maka.