Muryar Kaka da na goge

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya jikin Baba? Ni lafiya lau, sai dai na kasa haɗa ido da malamina mai binciken asalin mutanenmu.

Ka tuna da Kaka ta ce kakanninmu daga bayan tafki suka taso, na ce tatsuniya ce? Har muryarta da na ɗauka a waya na goge, don hotuna su samu wuri.

To, a jami'ar nan mai binciken jini, da masanin harsuna, da mai tono tsoffin tukwane, duk tafkin suka nuna. Sunayen wuraren da aka yada zango kawai suka rasa, waɗanda Kaka ta jero mini.

Don Allah ka je wurin Gwaggo da wayarka, ko ta riƙe wasu. Kada ka ce ni na aiko ka.

Allah ya jiƙan Kaka.

Ƙaninka