Matan da Ka Zana a Alluna

Assalamu alaikum Baban Hauwa. Bayan gaisuwa da fatan kana cikin rahamar Ubangiji, yau da ƙorafi na zo maka.

Ka tuna lokacin da Dutse ta zama babban birni, ma'aikata suka cika gari, kowane mai kanti yana neman ka zana masa allo? Kullum hoton ɗaya ne: miji da mata a kan kujerar kushin, fanka a sama, firij a buɗe, suna shan lemo suna dariya. Ni kuwa ina kan tabarma ina wanke maka burushi da kananzir. Da na tambaye ka wace ce wannan mai hutun, cewa ka yi, "Wadda za ta sa a sayi firij ce." Na ji haushi ranar, ban dai nuna ba. Shekara tara kana zana hutu, ko sau ɗaya ba ka ce in zo mu zauna haka ba.

Da shari'a ta zo, masu kantunan nan suka dawo suna cewa a shafe matan. Ka bi su ɗaya bayan ɗaya da fenti, ka bar maza su kaɗai da kwalba biyu a gabansu. Kana dawowa gida ba ka iya cin tuwo, ni kuma na ɗauka gajiya ce.

Sai makon jiya wani tsohon tela daga Jahun ya gaya mini akwai guda da ka ƙi shafewa, a bangon shagonsa. Ya ce mayafi kawai ka ƙara mata, ka ce, "Wannan iyalina ce." Har wushiryata ka sa.

Me ya hana ka faɗa mini, Malam? Jahun ce fa, ba Makka ba.

Washegari na hau mota na je. 'Ya'yan telan sun yi wa bangon sabon siminti tun bara, sun rataya ƙyallen talla da inji ya buga, mai hoton wata baƙuwa. Na tsaya a rana ina kallon siminti kamar mahaukaciya, har wata mai awara ta ba ni kujera.

Ina fushi da kai, kuma na yafe. Allah Ya haskaka kabarinka, Ya ba ka hutun da ba ka samu a nan ba. Ka rage mini wuri a gefenka.

Matarka,
Maman Hauwa