Na Kori Mai Wanke Wa 'Yata Baki

Assalamu alaikum. Don Allah a sakaya sunana, kuma kafin ku zage ni ku karanta har ƙarshe, ni ma na zagi kaina.

A unguwar Wuro Hausa nake aure. An haifi 'yata Ummi da wani ciwon fata na gado, ko tawul ka goga mata sai wurin ya yi bororo ya saɓule. Har cikin baki yake fito mata, harshe da dasashi duk gyambo, kunu ma da kuka take sha. Sai Allah ya haɗa mu da wata maƙwabciya 'yar Numan wadda ba Musulma ba, nas a sashen haƙori na wani asibiti a Jimeta. In ta taso aiki sai ta biyo, ta naɗe yatsa da auduga ta wanke mata baki a hankali, ta shafa maganin kashe zafin da likita ya rubuta, ta jira ya kama, sannan ta ba ta kunun da ya huce. Ummi har kumatu ta yi.

To ni fa? Ni na haife ta, ni ke wanke tsummokaran jini, amma ina kai yatsa sai ta datse baki. Rannan ta ce min, "Hannunki zafi, ki kira Anti." Babanta kuma ba shi da hira sai Anti kaza, Anti kaza. Wallahi kishi ne ya rufe min ido. Na tare matar a zaure na ce Dada, uwar mijina, ba ta son wadda ba Musulma ba tana sa wa jikarta hannu a baki. Dadan da ke aika mata kifin tafkin Njuwa! Matar ta miƙo min maganin ta ce, "Maman Ummi, kar ki yi sauri, bakin yarinya ba ya son sauri." Ba ta sake shigowa ba.

Na gwada da kaina, na fasa mata bororon harshe. Yanzu ko cokali ta gani sai ta juya kai, duk ta rame. Dada na cewa matar gajiya ta yi da mu, ni kuma ina gyaɗa kai, kunya kamar ƙasa ta tsage in shige.

In na je na roƙi matar, ƙaryar da na yi wa Dada ta fito, ban san makomar aurena ba. In na yi shiru, 'yata ba ta cin abinci. Jama'a, me zan yi?