Akuyar Ishaya

Wara, 18 ga Disamba, 1991

Zuwa ga ƙanena Zaidu,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da iyali. Yaya Kaduna, yaya aiki? Mu nan lafiya lau, Inna ma ƙafarta ta yi sauƙi.

Bayan haka, yayanka ya yi ɓarna. Ka san zaɓen bana babu akwati, kowa ya bi layi bayan hoton gwaninsa a ƙirga kawuna kamar shanu. Wanda ya ƙirƙiro wannan bai san zaman unguwa ba. Ina layin jam'iyya mai alamar doki, ina waigawa sai ga maƙwabcina Ishaya tsaye a layin mai alamar tsuntsu, har yana ɗaga mini hannu! Aka ƙirga, suka fi mu da mutum ɗaya tak. Ka san bakina. A gaban jama'a na ce masa ashe abotarsa ta miya ce. Ya sa hularsa ya tafi. Yau kwana huɗu ko sallama.

Ga Kirsimeti ta matso. Shekara ashirin ni ke yanka akuyar gidansa don mu ma mu ci, kamar yadda cinyar ragon layyata ba ta kwana sai a gidansa. Shi da cocinsa, ni da masallacina, ba mu taɓa saɓawa ba sai a kan hoton mutumin da ko sunanmu bai sani ba. Matata Hajara ta ce dambun naman matarsa nake wa kuka. Har da shi, ba na musu, amma wallahi kewar mutumin nake yi. Idan bana wani ya yanka, shi ke nan an rabu.

Ka gaida yara.

Yayanka,
Baƙo

Wara, 27 ga Disamba, 1991

Zuwa ga Zaidu,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarku, saurara ka sha labari.

Ranar Kirsimeti ko kwalekwalena na kamun kifi ban kwance ba. Na wasa wuƙa tun da sassafe, na zauna a zaure ina jiran aike. Hantsi ya yi, shiru. Aka taso daga coci, shiru. Na ce wa Hajara ai an yanka ba ni. Ta ce tun safe take jin kukan akuya ta bayan danga, matacciya kuwa ba ta kuka. Ta danƙa mini wuƙar, ta ce girman kai ba ya cika tukunya.

Na tafi ƙafa na nauyi. Na tarar da akuya ɗaure a gindin mangwaro, ruwa na tafasa a banza, baƙi sun yi jugum da yunwa. Ishaya na kan turmi da kayan coci. Na fara kame-kame, na ce ban ga aike ba shi ya sa.

Ya dube ni ya ce, “Baƙo, yaushe na taɓa aiko maka? Shekara ashirin da ƙafarka kake zuwa.”

Zaidu, kunya ta rufe ni, hawaye suka zo, na ce hayaƙin murhu ne. Na roƙe shi gafara, ya ce in roƙi baƙinsa. Na yi bisimilla na yanka, shi ya riƙe mata ƙafafu kamar kullum. Tuwon shinkafa malmala uku na ci, ban ji nauyin kowa ba.

Ya ce in gaya maka zaɓe mai zuwa ma layin tsuntsu zai bi. Na ce ya bi, ni dai in ya ɗaga mini hannu zan ɗaga masa.

Ga ƙullin dambu nan na ba Yusha'u direba ya kawo maka. Allah ya sada mu da alheri.

Yayanka mai ƙaunarka,
Baƙo