Hayaƙi a Wuyan Rigar Dogo

Zuwa ga Auta,

Mai kemis na bakin layinmu ne yake rubuta min wannan, ina zaune a bencinsa ina faɗa. Ya ce a fara da doguwar gaisuwa, na ce takardar guda ɗaya ce. Ina gaishe ki, ina gaida mijinki da yara. Ni lafiya lau, in ban da gwiwa da kunne. Kar ki kira waya, ba na jin komai sai ƙara.

Ga dalilin neman ki. Tun rasuwar babanki nake yi wa 'yan wasan kwaikwayo ɗinkin kaya. Ƙila ba ki sani ba, tunda shekara uku ke nan ba ki taka gidan nan ba. Talata da Alhamis nake zuwa ɗakin taron da suke gwaji. Ina da kujerata a bayan labule, kusa da taga. Goggo suke ce min. Wannan wandonsa ya yage, waccan maɓallinta ya fita, a yi ta surutu har la'asar. Sauran kwana biyar ɗin daga ni sai keken ɗinki, in ba mai ruwa ya ƙwanƙwasa ba, bakina wuni yake a rufe.

To yanzu Darakta ya fito da sabon wasa. Akwai wani mai baƙar zuciya a ciki, wani ɗan wasansu Dogo ne zai fito a shi, wai duk sanda ransa ya ɓaci hayaƙi ya riƙa fita ta wuyan rigarsa. Na ce babanki ya shekara arba'in yana wannan ba tare da wata dabara ba. Kowa ya yi dariya ban da Darakta. Ya ce in ba zan iya ba, akwai wani tela a kasuwa da ya ce zai iya, sai a kwashe kayan gaba ɗaya a ba shi.

Na kunna maganin sauro a gwangwanin madara, na rataya a cikin rigar. Dogo ya yi tari har da hawaye. Na kawo maganar garwashi, ya ce, "Goggo, ina da iyali."

Ke babanki ya koya wa dalma da wayoyi, kuma da su kike ci a shagonki na gyaran waya. Ki faɗa min yadda ake hayaƙi ba wuta. Sati uku ya rage. Ba wata magana nake son tayarwa ba, tambayar aiki ce.

Ki ba direban motar safe amsa, ya san kemis ɗin. Ki huta lafiya.

Innarki

*

Zuwa ga Inna,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan gwiwa ta yi sauƙi. Yara suna gaishe ki. Baba mai kemis, tunda kai za ka karanta mata, ina gaishe ka, kuma don Allah ka ɗaga murya.

Ga ƙunshi nan wajen direba. Akwai batir mai caji, da 'yar fanka ƙarama wadda na ciro daga matacciyar kwamfuta, da makunni mai doguwar waya, da wata siririyar waya da na nannaɗe kamar zobe. Na haɗa su da dalma, kar ki ja su. Da akwatin kayan aikin Baba yana nan, da duk wannan yana ƙarƙashin gadonki. Amma kin ba 'yan gwangwani shi kafin sati ya zagayo da rasuwarsa, ban ko sani ba. Na faɗa sau ɗaya, ba zan ƙara ba.

Saura naki. Ki samu ƙaramin gwangwani mai murfi, ki huda shi gaba da baya. Fanka a baya, zoben waya a tsakiya. Ki murza auduga ki zura ta cikin zoben, ki ɗiga mata gilisirin irin na shafawa, yana nan a kemis. In an danna makunni, waya za ta yi zafi, gilisirin ya tashi fari kamar hayaƙi, fanka ta tura shi. A hudar gaba ki sa robar ƙarin ruwa ta asibiti, ki bi da ita ta cikin shafin riga har wuya.

Abu biyu, Inna. A danna, a ƙirga biyar, a saki. Na biyu, aljihun da gwangwanin zai zauna, ki bar masa huda daidai bakin fanka, ta waje. Ta nan yake shan iska. In babu iska, hayaƙi ba zai motsa ba, zafi ne zai taru.

Allah ya ƙara lafiya.

'Yarki, Auta

*

Zuwa ga Auta,

Mai kemis ne dai. Gaisuwa kamar ta wancan karon.

Ƙunshi ya iso. Akwatin babanki kuwa, tuntuɓe nake da shi kullum in zan shiga ɗaki, kuma duk tuntuɓe sai na ji kamar shi babanki zai ce min in duba gabana. Shi ya sa na fitar. Ni ma na faɗa sau ɗaya.

Gwangwanin allurai na zazzage. Na huda shi da ƙusa da taɓarya. Audugar farko na cika mata gilisirin, ta yi ta tofi tana ƙara kamar an sa kifi a mai. Ta biyu na yi mata rowa, ta yi ƙauri. Ta uku ce ta yi daidai, ɗigo shida. Robar na kama ta da zare a cikin shafi, daga ƙugu zuwa wuya, na raba ta biyu a ƙeya don hayaƙin ya fita ta kunne biyu. Wannan ba ke kika faɗa min ba, nawa ne. Makunnin yana cikin hannun riga na dama. Hudar na bari, faɗin bakin kofi, duk da kallonta yana ci min rai.

Na sa rigar da kaina na tsaya gaban madubi. Na danna. Auta, sai ga tsohuwa tana hayaƙi ta kunne biyu. Na yi dariya har na dafa keke. Na juya in ce wa wani zo ka gani, babu kowa. Na sake dannawa sau uku, na cire na rataye.

Ran Alhamis na kai. Dogo ya sa, ya ɓata fuska, ya danna. Ɗakin ya kaure. Wata yarinya a cikinsu ta faɗi ƙasa don dariya. Darakta ya zagaya shi sau biyu ya ce, "Goggo, ashe injiniya muke zaune da ita." Na ce injiniyar tana wani gari, ni haifarta kawai na yi. Ba wanda ya ƙara maganar telan kasuwa.

Asabar mai zuwa ne wasan, ƙarfe huɗu. Sun ba ni tikiti biyu. Ban san me zan yi da ɗayan ba, ga shi nan a cikin takardar, kar ya ɓata a wurina.

Sai na ji daga gare ki.

Innarki

*

Zuwa ga Auta,

Ina gaisuwa. Ba ki zo ba, kuma gara da ba ki zo ba.

Mai kemis, rubuta yadda na faɗa, kar ka gyara min. Ni ina da wata ɗabi'a. Kafin kowa ya hau dandamali, sai na bi kayan ɗaya bayan ɗaya da allura a bakina. Shekara hamsin ina ɗinki, riga ba ta taɓa barin hannuna da huda ba. Ran Asabar ana ta gaggawa, wannan na kira, waccan na kira, na zo kan rigar Dogo, yatsana ya faɗa cikin rami a gefen aljihu. Hannuna ya ɗinke shi kafin kaina ya tuna. Ɗinki mai kyau kuwa, ko ke ba za ki gane wurin ba.

Dogo ya hau. Aka zo inda zai yi fushi, ya danna, shiru. Ya sake, shiru. Mutane ɗari biyu suna kallonsa, sai ya danne bai saki ba. Ina leƙe ta labule, sai a nan na tuna. Hayaƙi ya fito, amma baƙi, kuma ta ƙugu. Ya yi tsalle, ya tuɓe rigar a gaban jama'a yana tattaka ta yana kiran uwarsa. 'Yan kallo suka yi ta tafi, sun zaci wasan ne.

Ƙunar ta kai faɗin tafin hannu, a gefen cikinsa. Mai kemis ne yake wanke masa, ya ce za ta warke. Na je gidansa na ce ni ce, na ɗinke hudar. Ya ce, "Goggo, da ma kin ɗinke bakina kafin in kira tsohuwata a gaban surukaina." Yaron kirki ne.

Darakta ya zo gida jiya. Ya durƙusa har ƙasa. Na zaci kora ce. Ya ce a'a, ɗinki nawa ne har abada, ba wanda zai karɓe. Sai dai sun ga wahalar ta yi min yawa, ga gwiwa, ga hayaniyar bayan labule tana ruɗa babba. Daga yanzu za a riƙa aiko min da kayan gida a buhu, in na gama a zo a ɗauka. Ya ce, "Ki huta, Goggo."

Na ce na gode. Me ake cewa?

Ki gaida yara.

Innarki

*

Inna,

Ina gaishe ki. Tikitin ya zo, na sa shi a jaka, na yi ta cewa gobe zan nemi mai tsare min shago, har Asabar ta wuce. Ba ni da wata hujja.

Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Na san hannunki tun ina yarinya, ko safa ba kya bari da huda. Kamata ya yi in sa ƙarfe a bakin hudar yadda allura ba za ta shiga ba. Zan iya haɗa wani wanda yake kashe kansa in ya yi zafi. In kin yarda in zo in sa shi da hannuna, kuma in ga Daraktan nan. Ki faɗa min ranar da kike gida.

Allah ya bar mana ke.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Mai kemis yana da layin mutane, zan taƙaita.

Buhun farko ya iso jiya, mai babur ya ajiye a ƙofa ko sallama bai jira ba.

Ga yadda abubuwa suke, ki riƙe. Dogo yana bi na riga ɗaya, ni zan ɗinka, ba ruwanki. Mai kemis yana bin mu godiya mu biyu, ba ta takarda ba, a bakin shagonsa. Darakta ba na bin sa magana, kar ki je roƙon kowa da sunana. Kujerar bayan labule dai tawa ce, daga gida na kai ta. Ko a kawo min ita, ko a kai ni wurinta, su zaɓa. Ke kuma ba na bin ki komai, ke ma ba kya bi na.

Kin tambayi ranar da nake gida. Yanzu kullum ne.

Motar safe ƙarfe sha ɗaya take isowa.

Innarki