Kin Tafi Kina Bencin Baya, Yaya Talatu

Zuwa ga 'yar'uwata cikin Ubangiji, Yaya Talatu,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri a cikin sunan Yesu Almasihu. Ina fata kina hutawa lafiya. Mu nan Zinyau lafiya lau, ruwa ya sauka, an fara huɗa. Bayan gaisuwa, na zo miki da labarin alkawarin da na ɗauka a bakin kabarinki shekara bakwai da suka wuce, cewa sai Dattijo Bawa ya tsaya gaban ikilisiya ya faɗa da bakinsa ƙarya ya yi mana. Masu karanta wannan a waya, ku yi haƙuri, ba wa'azi na zo yi ba. Raina a ɓace yake, kuma ba zan ɓoye ba.

Kin tuna damanar da mijina Ɗanladi ya rasu? Ko wata biyu ba a yi ba Bawa ya aiko in ba shi aron fadamarmu, wai mace mai ƙananan 'ya'ya huɗu ba za ta iya da ita ba. Na ce a'a. Ke kika ba ni shawara in kira gayya, 'yan'uwa su taru su nome mini kamar yadda ake yi wa kowa.

Na jiƙa dawa, ta yi tsiro, na shanya a tsakar gida saboda kunun zaƙin masu gayya. Bawa ya shigo gaisuwa, ya daɗe tsaye yana kallon shanyar. Mutumin da ya sha kunun tsiro a hannuna ya fi a ƙirga! Amma ya san kakata giya take dafawa kafin ta tuba, ya kuma san da tsiro ake yin giya. Kafin la'asar magana ta zaga unguwa, wai gwauruwar Ɗanladi ta koma sana'ar kakanni, burkutu za ta shayar da masu bi.

Ranar Juma'a na tuƙa tuwon mutum talatin. Na kai gona, na jera ƙore a gindin ɗorawa, na zauna ina duban hanya. Hantsi ya ɗaga, ko kare bai leƙo ba. Sai ga ki ke kaɗai, hauya a kafaɗa, kina tafe kina waƙa kamar kin jawo mutum ɗari a bayanki. Da kika ga idona kika ce, "Rifkatu, ajiye kukan nan sai yamma, yanzu aiki gare mu." Da rana ta take kika ƙwala wa Fulanin da ke kiwo a gefe kira, suka ci, suka sha, suka sa albarka. Washegari suka zo mini da garmar shanunsu. Su da ba sa ko kusantar giya, ba su ji warin komai ba.

Da kin tsaya nan, Yaya, da shi ke nan. Amma ke ba kya iya barin magana ta kwana. Ranar Lahadi kika ɗauko ragowar kunun a ƙwarya har majami'a. Ana tashi sujada kika tsaya gaban dattawa, kika kurɓa, kika miƙa wa Bawa ya ɗanɗana da kansa. Haba Yaya! Kunun da ya kwana biyu cikin zafin nan? Ya yi tsami har yana kumfa, ko ni daga inda nake na ji. Bawa ya karɓa. Ya shinshina kawai, ya miƙa wa na kusa da shi, wancan ma ya miƙa gaba. Har yau idan na tuna, dariya da kuka tare suke zo mini.

Aka sa mu horo, mu biyu. Bencin baya, babu cin jibin Ubangiji, aka karɓe tulun da kike bugawa a zumuntar mata. Aka ce duk wadda ta durƙusa ta amsa laifi za a maido ta.

Wata shida muka yi a bencin nan. Ana tsokanar 'ya'yana a makaranta, mata suka daina sayen ƙuli-ƙulina. Ke ce kika tura ni. Kika ce, "Je ki durƙusa, kina da 'ya'ya. Ni zan zauna a madadinmu, don a san akwai wadda ba ta yarda ba." Na je na durƙusa, na ce na dafa giya. Ban yi tunani ba, ke ma ba ki yi ba, cewa amsa laifin nan nawa shi zai zama shaidar da za ta ɗaure ki.

Ba ki taɓa yi mini gori ba. Duk safiya sai kin leƙo kin tambayi abin da yara suka ci. Ranar Lahadi idan muna waƙa a gaba muryata ta fara rawa, sai in waiwaya, in hango ki can baya kina buga benci da tafin hannu, kina riƙe mini kiɗa. Shekara biyu haka, har ciwo ya ɗauke ki. Ranar jana'izarki matan zumunta suka zo ba anko, ba tulu, saboda kin tafi cikin horo. Ke da kika koya wa rabinsu waƙa.

Na koma wurin dattawa na ce ƙarya na yi wa kaina. Suka ce to wace maganar tawa za su ɗauka, ta farko ko ta yanzu? Ashe bakin Bawa ne kaɗai zai iya wanke ki. Shi kuwa kullum yana gaba da babbar riga, yana karanta sanarwa. Tun daga nan addu'ata guda ce, safe da yamma: Allah ya murɗe bakin nan. An canza mana fasto sau biyu, kowanne sai ya zaunar da ni kan gafara. Nakan ce ya fara magana tukuna.

Fadama tana nan hannuna. Yara sun girma, yanzu shanun huɗarmu su ne kaɗai a unguwar. Watan jiya Bawa ya yanke jiki ya faɗi, ɓarin jikinsa ya shanye, 'ya'yansa duk suna kudu. Ba zan yi miki ƙarya ba, ranar na ci tuwo na ƙoshi. Shekaranjiya matarsa Hannatu ta zo ta durƙusa mini, wai sun kira gayya ranar Asabar, in taimaka da shanu. Na ce yau ga ranata. Na ɗaura zanen da na fi so, na tafi in gindaya masa sharaɗi: ya bari a ɗauke shi a kai shi majami'a ya faɗi gaskiya, ko gonarsa ta zama ciyawa.

Na same shi kwance a zaure. Na tsaya a kansa na amayar da abin da na tara shekara bakwai, ban rage komai ba. Sai da na gama na dube shi da kyau. Bakin ya karkace ya nufi kunne, yawu yana zuba. Ya yi ta ƙoƙari, wani gurnani ne kawai ke fita, hannunsa mai lafiya yana dukan tabarma. Ban san ko amsawa yake yi ba, ko korata yake yi. Hannatu ta ce tun ranar da ya faɗi bai furta kalma ɗaya ba.

Yaya, abin da na roƙa aka ba ni. An rufe bakin, kuma da gaskiyarki a ciki aka rufe shi.

Shanu za su je ranar Asabar. Kada ki yi murna, ban yafe ba. Zan huɗe masa gona, in ta kama in kai shi asibiti a Rano zan kai shi, domin ba na so yunwa ko ciwo su ɗauke shi kafin ya yi magana. Ni da na yi shekara bakwai ina jiran faɗuwarsa, yau duk Zinyau babu mai son ya tashi kamar ni.

Ya Uba, ka ba baiwarka Talatu hutawa. Ka gafarta mini addu'ar da na yi, in akwai sauran wuri ga irina. Ka kwance harshen Bawa ko na yini ɗaya ne, ka kuma sa yinin ya zama Lahadi. Amin.

Taki har mu sake saduwa,
ƙanwarki Rifkatu